Karatun Latin a Gidan Malama

Aikin kula da tsofaffi a gidajensu shi ne aikina na uku a garin Greensboro na Amurka. Kafin shi na yi wanke-wanke a wani gidan abinci, na kuma yi wata takwas ina gyaran gadaje a otal, har bayana ya fara ciwo. Wata Hajiya 'yar Kumasi, mai shagon kayan miya a titin Gate City Boulevard, inda muke sayen daddawa da busasshiyar kuɓewa, ita ce ta nuna min hanya. Ta ce in je in yi kwas na 'yan makonni in karɓi satifiket, aikin ya fi sauƙi, kuma mutum yana samun wurin sallah. Na bi shawararta. Bayan gidaje biyu da ban daɗe a cikinsu ba, kamfanin da ya ɗauke ni aiki ya tura ni wani gida a unguwar Irving Park.

Lokacin ba ni da mota. Bas nake shiga daga unguwarmu zuwa babbar tasha a cikin gari, in canza wata, in sauka, sannan in taka a ƙasa kusan minti ashirin. A unguwar nan ba ka ganin mai tafiya a ƙasa sai mai yawo da kare. Gidan na jan bulo ne, da manyan itatuwa a gabansa, kuma mutum ɗaya ke cikinsa: wata Baturiya siririya da ta haura shekara tamanin. Mijinta ya rasu, ɗanta ɗaya tilo yana wata jiha. Kunnenta lafiya lau, hankalinta garau, ido ne kawai ya ci amanarta. Ta ce tana ganin gefe-gefen abu, amma tsakiyarsa duhu ne. Idan ta kalle ni tana ganin mayafina, ba ta ganin fuskata.

Ranar farko na kira ta Mama. Ta ce in kira ta da sunanta kawai, kamar yadda kowa ke yi. Na gwada, bakina ya ƙi. Matar da ta girmi mahaifiyata, in kama sunanta gatsau? Da na ji cewa shekara da shekaru ta yi tana koyarwa a makarantar sakandare, sai na ce to zan riƙa ce mata Malama, na faɗa mata ma'anarsa. Ta maimaita kalmar sau biyu, ta ce ta yi mata. Na tambaye ta me take koyarwa. Ta ce Latin.

Iyakar abin da na sani game da Latin a lokacin shi ne abin da malaminmu na kimiyya ya faɗa mana a sakandare a Zariya, cewa sunayen tsirrai da na ƙasusuwa da shi ake sa su, kuma harshen ya mutu. Ban taɓa tunanin akwai wanda zai ƙare rayuwarsa yana koyar da mataccen harshe a biya shi albashi ba.

Aikina shi ne abin kari, magani, wanka, ɗan tattaki a bayan gida, sai karanta mata wasiƙu da jarida. Karatun jaridar nan bai yi wa kowannenmu daɗi ba. Turancina na makaranta ne, ina tuntuɓe da sunayen 'yan siyasa, ita kuma tana haƙuri irin na masu tarbiyya, wanda ya fi faɗa ciwo. Wata rana da hantsi, muna zaune a ɗakin littattafanta, ta ce in bar jaridar. Akwai wani baiti da ya tsaya mata a rai tun asuba, ta manta abin da ke biye da shi. Ta kwatanta min inda littafin yake, a kanta ta uku, wani ƙarami mai jan bango, ta faɗi lambar shafi. Ta ce ba sai na iya karantawa ba, in riƙa faɗa mata haruffan ɗaya bayan ɗaya, ita za ta haɗa.

Na buɗe. Haruffan boko ne da na sani, babu wani baƙo a cikinsu. Faɗin harafi ɗaya-ɗaya zai kai mu azahar, don haka na karanta layin kamar yadda zan karanta Hausa: a a ce, i i ce, u u ce, inda na ga baƙi biyu a jere na danna su biyu, ra kuma na kaɗa ta da harshe. Ban fahimci ko kalma ɗaya ba. Na kai ƙarshen layi na biyu na tsaya, saboda ta ɗaga hannu.

Ta ce, "Wa ya koya miki?"

Na ce, "Koya min me, Malama?"

"Wannan karatun."

Na ce babu kowa, haka muke karanta harshenmu. Ta ce in sake. Na sake. Sai ta yi dariya, dariyar da ban taɓa jin ta yi ba, ta ce shekara talatin tana fama da yaran garin nan su daina tauna wasula kamar cingam, ga wadda ta shigo da bas ta yi a tashin farko.

Gyara uku ta yi min a ranar. Harafin c ba ca ba ne kamar namu, ka ne ko'ina ya zo. Harafin v wa ne. Idan a da e suka haɗu, ai ake cewa. Daga ranar jarida ta koma minti goma, Latin ya ɗauki awa guda bayan abin kari.

Makonni na yi ina karanta abin da ban san ma'anarsa ba, kuma hakan bai dame ni ba, don tun ina yarinya na san mutum yana iya gyara bakinsa da karatu kafin ma'ana ta zo. Abin da ya fara tsaya min shi ne yadda take buga yatsa a hannun kujera idan ina karanta waƙa, wani lokaci ta ce, "Ja wannan," wani lokaci, "Kada ki ja." Na tambaye ta ta yaya ta sani, tunda babu alama a rubuce. Ta ce Romawa suna da dogon wasali da gajere, amma ba su cika nuna bambancin a rubutu ba, mai harshe ya sani. Ta ba ni misali da kalmar malum: idan ka ja a ɗin, tuffa ce, idan ba ka ja ba, mugun abu ne. Ta ce a nan ɗalibanta suke sarewa.

Na ce, "Ai mu ma haka ne." Na faɗa mata gari da ake zama a cikinsa da gari na tuwo, rubutu ɗaya, amma ko yaro ba ya ruɗewa. Ta sa na faɗe su sau biyar, tana karkato kunne. Sannan na gaya mata cewa mahaifina yana rubuta waƙoƙin wa'azi da ajami, kuma ma'auninsu a kan doguwar gaɓa da gajeriya yake tafiya, idan aka karya shi kunne yana ji. Ta ce in rera mata ɗaya. Na ji kunya, amma na rera baiti biyu daga wata da ya yi tun muna yara. Yatsanta ya kama bugun tun kafin in gama baitin farko.

Daga nan tambayoyi suka buɗe min. Su waye mutanen nan? Yaushe suka fara rubutu? Malama ba ta gajiya da amsa, sai dai in na tsaya ba ta magani. Ta ce Romawa sun daɗe suna noma da yaƙi da shari'a kafin su fara adabi a rubuce, kuma da suka tashi farawa, fiye da shekara dubu biyu da suka wuce, da fassara suka fara. Wani mutum da ake cewa bawa ne da aka kamo daga garin masu jin Girkanci, shi ya juya musu wata doguwar waƙar Girkawa zuwa harshensu. Ma'aunin manyan waƙoƙinsu ma aro ne daga Girkawa, suka yi ta lanƙwasa harshensu har ya zauna a kai. Wannan ya ba ni mamaki, don na san namu malaman daga Larabawa suka ɗauko ma'auni suka ɗora Hausa a kai. Ta kuma ce da yawa daga manyan marubutan ba 'yan birnin Rum ba ne. Wasu daga ƙauyukan arewa suka zo, wasu daga ƙasar Sifen, wasu daga arewacin Afirka. Na tambaye ta ko 'yan birni suna yi musu dariyar lafazi. Ta ce ƙwarai kuwa.

Da na ce mata malaminmu ya ce harshen ya mutu, sai ta ɓata fuska. Ta ce ba a taɓa wayar gari an ce yau Latin ya ƙare ba. Mutane sun ci gaba da magana, kowane yanki bakinsa yana sauyawa kaɗan-kaɗan, har jikokin jikoki suka tarar suna Faransanci da Italiyanci da Sifaniyanci. Ranar da na biya shagon Hajiya na tsaya ina sauraren Hausarta ta zango, wadda ba ta raba mace da namiji, tana ce min "ka zo lafiya", tana cusa kalmomin Twi, yaren mutanen Kumasi. Da can dariya take ba ni a ɓoye. Ran nan sai na tsaya ina tunanin me za a kira wannan bakin nan da shekara ɗari biyar.

Wata na uku na tambayi Malama ma'anar wani dogon sashe da na ji daɗin sautinsa, ta fassara min. Ashe roƙo ne ake yi ga wata gunkiya. Na gama aikin ranar abin yana damuna. Ni da nake shimfiɗa darduma a ɗakin wankinta in yi azahar, ashe da bakin nan nake kiran abin da ba Allah ba. Na gaya wa maigidana da ya dawo daga aiki. Ya ce shi dai a ganinsa aiki ne, kamar mai fassara a kotu da ke maimaita maganar ɓarawo, amma in hankalina bai kwanta ba in kira Baba.

Ranar Asabar da safe na kira Zariya. Bayan gaisuwa na zayyana wa mahaifina komai. Sai ya ce, "Ke da kike karantawa, kin gaskata abin da ke ciki?"

Na ce, "Subhanallahi, Baba. Ban ma san abin da ke ciki ba sai da ta faɗa."

Ya ce, "To. Waƙoƙin Larabawan Jahiliyya da muke karantawa a zaure, Musulmi ne suka yi su? Akwai giya a ciki, akwai alfahari, akwai abin da ba zan faɗa miki ba. Amma duk mai son sanin lugga sai ya bi ta kansu. Ki tsare zuciyarki, ki tsare sallarki. Inda kika ji ranki bai so ba, ki ce mata ku tsallake." Har zan ajiye waya sai ya ce, "Tsaya. Su waɗannan mutanen, waƙoƙin nasu suna da amsa-amo?"

Ban sani ba. Ranar Litinin na tambayi Malama, ta ce na asali ba su da shi, ma'auni kawai, sai daga baya ya shigo. Na kuma gaya mata damuwata da amsar Baba. Ban san yadda za ta ɗauka ba. Ta ce ba ni ce ta fara wannan damuwa ba. Mutanen da suka adana littattafan nan bayan daular Rum ta rushe Kiristoci ne masu zaman zuhudu a gidajen ibada, kuma su ma sun yi ta gardama a kan ko ya halatta su kwafi waƙar masu bautar gumaka. Wasu suka ƙi, wasu suka kankare tsohon rubutu daga fata suka rubuta addu'o'i a kai, wasu kuma suka zauna suka kwafa. Ta ce in na ga sashen da ba na so, in faɗa. Sau biyu kacal na taɓa faɗa.

Maganar kwafa ita ce ta fi kama ni. Na ɗauka akwai wani ɗaki a Turai da aka ajiye littattafan da mawaƙan suka rubuta da hannunsu. Malama ta ce babu ko ɗaya. Abin da suka yi rubutu a kai an yi shi ne da wata ciyawar bakin kogi ta Masar, kuma tuni ya ruɓe. Abin da muke da shi kwafin kwafin kwafi ne, galibi ɗaruruwan shekaru bayan mutuwar mai shi. Ta ce abin da ya ɓace ya fi abin da ya tsira yawa nesa ba kusa ba. Akwai marubutan da sunansu kaɗai ya rage, akwai wanda layi biyu ya rage daga aikinsa saboda wani malamin nahawu ya kawo shi a misali, akwai wanda duk waƙoƙinsa ta kwafi ɗaya tak suka iso.

Ba da daɗewa ba na ga yadda abin yake da idona. Ina karanta mata wani jawabi da wani lauya ya yi a gaban kotu, ina tafiya sumul, sai ta ce, "Dakata. Kin haɗiye layi biyu."

Na ce ban haɗiye ba. Ta ce in duba kalmar da na tsaya a kai, in duba sama kaɗan. Na duba. Kalma ɗaya ce ta zo a ƙarshen wani layi, ta kuma sake zuwa layi biyu a ƙasa. Na ɗaga kai na sha iska, da na dawo idona ya sauka a ta biyun. Na fara ba ta haƙuri, ita kuwa murna take kamar an yi mata kyauta. Ta ce wannan shi ne kuskuren da masu kwafa suka fi yi tun fil azal. Idan mutum ɗaya ya yi shi, duk wanda ya kwafa daga littafinsa zai gaje shi, har jikoki. Da irin waɗannan kurakuran masana suke gane wane kwafi ne ya fito daga wane, kamar yadda ake gane dangi da kamannin hanci. Ta sa na buɗe wani littafi mai shuɗin bango, na ga ƙananan rubutu a ƙasan kowane shafi, waɗanda da na ɗauka ado ne. Ta ce nan ake faɗin wane kwafi ya ce kaza, wane ya ce kaza, da abin da wani masani ya yi zaton shi ne asali. Wasu sun yi shekaru suna jayayya a kan harafi guda.

Na so in gwada kaina. Lokacin da take barcin rana na ɗauki takarda da biro na kwafi shafi ɗaya a teburin kicin, a hankali, ina ganin ba mai kama ni. Da ta tashi na karanta mata abin da na rubuta. Ta kama kuskure huɗu daga ka, na biyar ni na gano shi da kaina. A wuri ɗaya ma na rubuta wata kalma da ta yi kama da ta Hausa a maimakon wadda ke littafin.

Da na ba Baba labari bai yi mamaki ko kaɗan ba. Ya ce shi ya sa ba a yarda da kwafi sai an zauna mutum biyu, ɗaya yana karanta na asali da ƙarfi, ɗaya yana bin sabon da yatsa. Ya sa aka ɗauko wani littafin fiƙihu da kakana ya kwafa da hannunsa, aka ɗauki hoton shafi biyu aka turo min ta waya. Malama ba ta iya ganinsa, don haka na kwatanta mata: tawada baƙa da ja, takardu warwara ba ɗinki, ƙananan bayanai a gefe wasu da Larabci wasu da ajami, da kalma ɗaya a can ƙasan shafi wadda ita ce farkon shafi na gaba, don kada takardu su rikice. Ta ce su ma masu kwafar Latin suna yin wannan dabarar. Ta riƙe wayar kusa da gefen idonta ta daɗe tana juya ta, ta ce tana ganin jan.

A shekara ta biyu ta fara koya min nahawu sosai, daga wani tsohon littafin 'yan aji ɗaya da gefensa ya cika da rubutunta. Ya ba ni wuya. Kalma ɗaya tana sauya wutsiya sau goma, kuma Malama da ke da haƙuri a komai ba ta da shi a nan. Akwai ranar da na rufe littafin na ce ni an ɗauke ni aikin wanka da magani ne. Ta ce gaskiya ne. Muka yi kwana biyu ba Latin. A rana ta uku ni ce na ɗauko littafin.

Ƙarshen wannan shekarar ɗanta ya zo ya ce ba zai iya ci gaba da barin ta ita kaɗai ba, ya samo mata ɗaki a gidan tsofaffi kusa da shi. Ba ta yi musu ba. Mako biyu muka yi muna tsince littattafai, ina karanta sunan kowanne tana cewa wannan a kai makaranta, wannan a sa a akwati. Ta ba ni littafin nahawun, da ƙamus, da wani siriri da ya tattara rubuce-rubucen da aka samu a kan duwatsun kaburburan Romawa. Ta ce da shi zan fara, jimlolinsa gajeru ne, kuma talakawa ne suka yi su, masu gashin burodi da ungozomomi da sojoji.

Yanzu ina aiki a wani gida a can gefen gari, wajen wani dattijo da ba ya son komai sai wasan ƙwallo a talabijin. Littafin kaburburan yana cikin jakata. Wata rana ina jiran bas a tasha na buɗe shi, na bi wani rubutu mai layi huɗu da yatsa, sai na tarar na gane shi duka ban taɓa ƙamus ba. Wani mutum ne ya sa aka rubuta wa matarsa. Ya faɗi sunanta, ya ce ta kirki ce, sannan ya faɗi shekarun da ta yi a duniya, da watanni, da kwanaki. Na duba na gaba da shi, na yaro ne, shi ma har da kwanaki.

Ranar Lahadi bayan la'asar na kira Malama, kamar yadda muka saba. Muryarta ta ƙara rauni. Na karanta mata rubutun, na fassara, ta gyara min wuri ɗaya. Sannan na tambaye ta me ya sa suke ƙirga har kwanaki, mu da ko shekarun mamaci sau da yawa kintata muke yi.

Ta ce ta karanta bayanai iri-iri a kan haka, babu wanda ya gamsar da ita. Ta yi tari, na ji wata ma'aikaciya tana yi mata magana a gefe. Da ta dawo kan wayar sai ta ce, "Ke me kike gani?"

Na ce ban sani ba tukuna, sai na ƙara karanta wasu.

Ta ce, "To karanta min na gaba."